Motar Karan Ammar

Gajere na kwance shanun amalanke ya ji ƙugin mota a bayan rumbu. Bakin ɗansa Ammar ne, ɗan shekara shida, yana jan motar kara a cikin rairayi. Ya yanka mata tayu daga tsohon silifa, har da gilashin leda.

Duk Yekuwa an san Gajere da saurin hannu. Sa ne ko mace, da igiya ɗaya yake gyara su. Amma yana son yaron nan so na gaske, don cikin haihuwa huɗu shi kaɗai ya tsaya. Ya tsugunna yana jujjuya motar, daɗi ya kama shi.

"Kai ka yi wannan?"

"Ni ne, Baba. In na girma shofer zan zama. In riƙa tuƙa babbar mota, mai zuwa Damagaram."

Nan take Gajere ya hango kansa a gidan gaba ranar kasuwar Guci, yana saukowa, 'yan amalanke na kallo. Ya yi dariya har da buga cinya.

"Na ga kujera biyu. Wannan tawa ce ko?"

"Ta Inna ce."

"Ni fa? A baya?"

"Ba ta da baya," in ji yaron, yana gyara taya. "Ai kai za mu gudar wa. Mota ta fi amalanke gudu, ba za ka kamo mu ka dake ta ba."

Hinda, uwar yaron, na bakin turmi, kumburin idonta na hagu bai gama saɓewa ba tun dukan ranar Juma'a. Ta ga mijinta ya miƙe a hankali ya nufi igiyar shanu. Ta san abin da igiyar nan za ta yi wa bayan ƙaramin yaro, tsoro ya cika ta. Ta yar da taɓarya, ta riga shi isa, ta kwaɗa wa Ammar mari har ya faɗi.

"Marar kunya! Wa ya ce maka zan bi ka? Ba inda za ni. Ba ubanka haƙuri."

Ta sa ƙafa ta murƙushe motar.

"Kin kyauta," in ji Gajere, ya rataye igiyar. Zuciyarsa ta yi sanyi.

Ammar bai yi kuka ba. Ya daɗe yana kallon uwarsa, sannan ya tsince tayunsa huɗu.

Bayan la'asar Gajere ya sake jin ƙugin. Ya zagaya bayan rumbu da murmushinsa, yana cewa yaro ya yi hankali, yanzu kam an yi wa uba wurin zama. Sabuwar motar ta fi ta farko kyau da ƙarfi. Ya tsugunna ya leƙa ciki.

Kujera ɗaya ce.