Jan Zare Uku a Bakin Zane

Har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma haushin maigidana nake fara ji kafin na kowa. Mutum ya ga ƙarti uku sun doso shi da gora, maimakon ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, wai sai ya durƙusa duba zane!

Masaƙi ne shi, ɗan masaƙi, a nan Daura. Zanen tsamiya yake saƙawa, alharinin da tsutsa ke yin gidanta da shi a jikin itace. Ni Siddiƙa ni ke dafa gidan tsutsar da ruwan toka, in wanke, in kaɗa zaren a mazari. Zane ɗaya kan ci mana wata huɗu. A bakin kowanne yakan ratsa jan zare uku, alamar da ya gada wurin mahaifinsa, duk wanda ya gani ya san hannun da ya yi aikin.

Ranar kasuwar Mai'adua ce, gab da azahar. Na raka shi don in sayo kanwa. Zane ɗaya tal ya rage mana, mun baza shi a rumfa kusa da mai tsire, sai ga mutanen nan sun tsaya a kanmu. Babbansu, wani makiyayi daga wajen Baure da na ji ana kira Munzali, ya wurgo wani ƙonannen tsumma gabanmu.

"Kai ne Mainasara masaƙi?"

"Ni ne. Lafiya?"

"Ina fa lafiya! Ƙanwarmu Raihana tana girki wuta ta kama zanen nan, ya narke ya manne mata daga ƙugu har gwiwa. Da fatarta aka ɓamɓare shi a asibiti. Ga jan zarenka nan uku, ko za ka musa?"

To, gidan su maigidana suna da wata al'ada: masaƙi ba ya cewa nasa ne ko ba nasa ba ne sai ya taɓa. Shi ne bawan Allahn nan ya durƙusa, ya shimfiɗa hannun dama a kan tsumman yana murzawa. Bai buɗe baki ba gorar Munzali ta sauka a kan yatsun. Na ji ƙarar, ƙas, kamar an taka busasshen kara.

Sauran biyun suka rufe shi da duka, baya, haƙarƙari, ƙeya. Jini ya ɓalle masa ta hanci. Na faɗa kansa, gora ta same ni a kafaɗa har na ga wuta. Kafin ka ce kwabo kasuwa ta taru, mutanen da ba su san hawa ba su san sauka ba suna ihun "A kashe macuci!" Wani ma har yana kiran a kawo fetur.

Nan idona ya rufe. Na fizgo itace mai ci daga wutar mai tsire, na kai wa Munzali shi saitin gemu, ya yi baya. Na ce, "Wallahi duk wanda ya ƙara taku ɗaya sai na soya masa fuska. Ku buɗe idanunku, jahilan banza!"

Na ɗauki zanenmu, na naɗe hannuna na hagu da shi, na danna masa wutar. Ƙauri ya tashi irin na babbakar kan rago. Wutar ta ɗan ci, ta mutu da kanta. Na murje wurin ya zama toka, na ɗaga hannuna kowa ya gani, ja kawai ya yi. Sannan na tsinci tsummansu da tsinken tsire na kara masa wutar. Ya ƙanƙance, ya yi baƙin hayaƙi, ya fara ɗiga kamar leda. Ɗigo ɗaya ya faɗa wa Munzali a ƙafa, ƙaton nan ya daka tsalle yana salati.

Na ce, "Ɗigo ɗaya ke nan ka ji. Roba ce wannan! A ina kuka saya?"

Ya ce, "Wurin Jafaru, mai shagon atamfa a bakin tasha. Ya ce Mainasara ke kawo masa."

Jafaru! Mutumin da ya yi sati uku yana zuwa gidanmu, ya zauna gefen masaƙa yana "Allah ya ƙara basira, Baba," ashe zare yake ƙirgawa da ido don ya kai a buga masa a inji. Da hannuna na dama masa fura, tir.

Taron nan kaf ya juya bakin tasha. Suka fasa wa Jafaru kai da dutse, ya sha da ƙyar a bayan babur ya nufi iyaka, suka cinna wa shagon wuta. Kasuwa ta wuni tana warin roba. Ni ko kallo ba su ishe ni ba, ina durƙushe ina naɗe yatsun maigidana da gyalena.

Maɗori ya yi iya yinsa, amma yatsu uku sun sandare. Hannun da ya shekara arba'in yana jefa ƙoshiya a tsakanin zare, yau ko lomar tuwo ba ya iya yankowa.

Bayan wata biyu Munzali ya zo da rago, ya zube a zaure yana kuka. Maigidana ya ce ya yafe. Ni na leƙo na ce ban yafe ba, kuma ya kwashe ragonsa.

Maigidan kuwa sai ya tambayi jikin Raihana. Munzali ya ce ƙunar ta fara warkewa, amma duk abin da ta ɗaura sai ya ɗaye mata sabuwar fata.

"Siddiƙa, ɗauko zanen nan da kika ƙona."

Na ce, "Malam, shi ne fa na ƙarshe. Ba za a sake wani ba."

"Wa ya fi ni sani? Tsamiya ba ta cin ƙuna. Ɗauko."

Na ɗauko ina hawaye, don takaici kamar in mutu. Ya karɓa zai ninke kamar yadda ya saba yi wa mai saye, zanen ya zame daga hannunsa ya faɗi. Ya sake gwadawa, ya sake faɗuwa. Munzali ya kau da kai.

Ni na durƙusa na ninke masa, jan zaren uku a sama.