Takardar Gwajin Baba

Baba mahauci ne, shekara arba'in yana yanka nama bai taɓa kallon hannunsa ba. Da wuƙa ta fara zame masa, yana cewa yatsunsa kamar ana tsira musu allura, ni na kai shi asibiti.

Ma'aikaciyar jinya ta duba idonsa ta ce jininsa ya yi ƙasa. Ta rubuta takardar gwaji, ta ce kafin nan a riƙa ba shi hanta. Da na faɗa wa Yaya a rumfa, har da riƙe ciki don dariya.

"Gwajin me kuma? Ga maganin nan a rataye."

Ni ma na yi dariya, kada in ɗora masa laifin shi kaɗai. Takardar ta kwana biyu a kan teburi. Ranar da jaridar naɗe nama ta ƙare, ni da hannuna na naɗe wa wata mata tsoka a cikinta.

Shekara biyu ina soya masa hanta kullum da safe, yana ci yana ƙara lalacewa. Harshensa ya yi ja sumul, tafiya sai da dafa bango, wata rana har ya kira ni da sunan marigayiya Inna. Yaya ya karɓe wuƙar, ya ce tsufa ne.

Sai da ya faɗi a tsakar gida muka koma. Likita ya ce bitamin B12 ne ya ƙare a jikinsa. Akwai shi a nama, amma cikin Baba ya daina tsotsarsa, ko sa guda ya cinye a banza. Allura ce maganin.

"Yaushe yatsun suka fara?" in ji likita.

Na faɗa masa. Ya ajiye biro ya dube ni, ni kuwa na gwammace ya zage ni.

Allurar ta dawo wa Baba da jininsa da hankalinsa. Yatsun kuwa, likita ya ce an makara.

Ranar da ya koma rumfa, Yaya ya jawo masa kujera. Baba ya ƙi zama, ya ce a miƙo masa wuƙarsa. Ya riƙe ta, ya daɗe yana kallon hannunsa don ya tabbatar tana ciki. Sannan ya ajiye ta a hankali, ya juyo gare ni.

"Auta, takardar da matar nan ta ba mu tun farko, ina kika ajiye ta?"