Wuƙar Manga Ta Tafi Aro

Manga ya dawo gida, unguwar Turaki, da wuƙa ƙirar hannu mai ɗan karen tsada, ƙotarta ta ƙaho, kubenta na fata. Maƙerin ya rantse masa babu aikin da zai karya ta. Shi kuwa Manga ko lemo bai yarda a yanka da ita ba, mai kawai yake shafa mata kamar jaririya.

Ranar layya sai ga yayarsa, Adda Hamna, daga Yelwa.

"Ara mini wuƙar nan, tawa ta dakushe."

Wa ya isa ya hana Adda? Ya miƙa mata.

Da la'asar ya bi sawu, ya tarar ta ɗora wuƙar kan ƙashin saniya tana kwaɗa mata taɓarya.

"Adda, ba gatari ba ne fa!"

"To ado ka sayo? Matsa, ka tare mini haske."

Ƙashi ya rabe biyu, wuƙa ko gezau. Daga nan wuƙar ta shiga unguwa. Aka fasa kan rago da ita, aka buɗe gwangwanin tumatir, wani ma har sukurun babur ya ɗaure da tsininta. Duk gidan da Manga ya je nema, sai a yaba masa ita, a ce yanzun nan maƙwabta suka karɓa.

Yau in ka tambaye shi ko irin waɗannan wuƙaƙe na jure wahala, sai ya dubi kuben da ke rataye a bango, wayam.

"Ƙashi da taɓarya duk ta jure. Aro ne ya cinye ta."