Ƙafar Suwaibatu a Kan Sikeli

Duk kasuwar kifin Nguru babu wanda bai san Ya Kellu Mai Jiki ba. In ta zauna a benci, bencin ya zama nata ita kaɗai, kuma tana alfahari da hakan fiye da yadda take alfahari da haƙorin Makkanta. Aminiyarta Suwaibatu, Bafulatanar da ke aure a Gashuwa, siririya ce kamar tsinken tsire. Da yake Ya Kellu Babarbariya ce, tun suna 'yanmata suke wasan Barebari da Fulani, kuma har yau ba su gaji ba.

To ga shi Ya Kellu ta ji wani ƙullutu a nononta na hagu, ta ɓoye shi wata da watanni, ko 'yarta Nabila ba ta gaya wa ba. Da tsoro ya ci ƙarfinta sai ta ce wa mutanen gida za ta je biki, ta shiga mota zuwa Gashuwa, ta janyo Suwaibatu suka nufi wani asibiti mai na'urar hoton nono.

"Ɗan ƙurji ne kawai," ta ce mata a hanya. "Ki rufe min wannan bakin naki na tallar fura."

An ɗebi jini an duba ƙoda, aka ce lafiya lau. Sai wata nas mai suna Khairat ta ce, "Mama, hau sikeli."

Nan fa shaiɗancin Suwaibatu ya motsa. Ta matso kamar mai riƙe wa tsohuwa hannu, ta zura ƙafa ta ƙarƙashin hijabi, ta danna bayan sikelin iya ƙarfinta. So take ta samu abin tsokana na shekara guda. Allurar sikeli ta zabura ta tsaya a tamanin da takwas.

"La ilaha illallahu! Buhun shinkafar Dagona!" in ji Suwaibatu.

Ya Kellu ta ji an danna, amma ta ƙyale. Wani murmushi ma ta yi, irin na wanda aka tsamo daga ruwa.

Khairat kuwa ta ga ƙafar sarai, har da lallenta. Ta ɗauko kwalba da wani ƙaton sirinji, ta fara zuƙa a hankali tana bayani.

"Wannan ruwan za mu sa miki a jijiya. Shi ne zai bi jini ya haska inda ciwon yake a hoto. Da nauyin mutum ake auna shi, kowane kilo da rabonsa. Mai jiki kamar Mama sai an cika sirinjin." Ta ɗan ƙara zuƙa. "Abin da ya sa muke kula, ta ƙoda yake fita. In ya yi yawa, ita ce ke shan wahala."

A Gashuwa ba a ambaton ƙoda a yi dariya, don ciwonta ya kashe mutane da yawa a garin. Suwaibatu da kanta ta yi jinyar yayanta a kan ciwon nan har ya cika a hannunta. Ta dubi sirinjin, ta dubi aminiyarta, sai ga ta ta yi tsalle ta riƙe hannun nas.

"Tsaya 'yar nan, don girman Allah! Ƙafata ce! Wallahi ƙafata ce a ciki!"

"Au, Mama, ke ma hoton za a yi miki?" in ji Khairat, fuskarta ko gezau. "To koma jikin bango. A sake hawa."

Ya Kellu ta sake hawa, ba da son ranta ba. Sittin da shida.

Suwaibatu ta ƙura wa allurar sikelin ido. Ta san aminiyarta ta fi haka nesa ba kusa ba.

"Sikelin nan ya lalace," ta ce.

"Bai lalace ba," in ji Ya Kellu a hankali. "'Yata, har yanzu lissafin bai yi daidai ba."

Ta cire hijabi. Ta kwance zani, sai ga wani zanin a ƙarƙashinsa. Ta kwance shi, ga wani, ga wani kuma, ga rigar sanyi a wannan zafin da ko ƙadangare ya nemi inuwa. Haka take fita kasuwa kullum tun da ta fara ramewa, don kada a ce Mai Jiki ta zube. Matar da ta rage a kan sikelin ƙashin wuyanta a waje yake. Sittin da uku.

Tausayi ya kama Suwaibatu har ta rasa inda za ta sa idonta. Ta durƙusa tana tattara zannuwan, tana ninkewa fiye da yadda suke bukata.

Khairat ta auna ruwan daidai nauyin, ta sa wa Ya Kellu a jijiya. Ya Kellu ta ce jikinta ya ɗau ɗumi, bakinta kamar ta tsotsi mabuɗi. Bayan an gama, likita ya nuna musu wani ɗan wuri da ya yi fari fat a hoton. Ya ce sai an je Kano an gutsiri kaɗan an duba, kuma kada a ɓata lokaci.

A bakin ƙofa Suwaibatu ta miƙa mata zannuwan. "Zo in ɗaura miki, kada 'yan tasha su gani."

Ya Kellu ta girgiza kai. "Riƙe su. Sun ishe ni da nauyi."

Suwaibatu ta share ido da bayan hannu, ta shiga naɗa su a jikinta ɗaya bayan ɗaya har ta yi kumburi. "Yau dai Fulani sun karɓi sarauta. Ni ce Mai Jiki, ke kuwa baiwata ce, biyo ni."

Ya Kellu ta yi dariya har da tari. Sannan ta kama hannunta ta riƙe gam.

"Ki raka ni Nguru, Sarauniya. In Nabila ta gan ni haka za ta tambaya, ni kuwa bakina ba zai iya ba. Ke ki fara."