Wuƙar Bahaguwa

Shekara goma sha tara na yi ina dafa wa Alhaji Tajuddeen abinci a Gusau, kuma abu biyu na fito da su daga gidan: sanin wuƙa, da sanin wata taba da ban taɓa sawa a bakina ba. Da Allah ya yi masa rasuwa, 'ya'yansa suka ga ba su da buƙatar tsohon kuku mai yawan magana. Na tattara na dawo Tsafe, na kafa benci a ƙarƙashin wata bishiyar bedi a bakin hanyar 'Yankuzo, da duwatsun washi biyu da na samo a bakin gulbin Bungudu, ɗaya mai kaushi ɗaya mai laushi, da gwangwanin ruwa da tsumma. Sani Kuku ake ce mini. Na yi suna da faɗa, domin duk wanda ya kawo mini wuƙar da ya goga a siminti sai ya sha wa'azi kafin in taɓa masa ita.

'Ya ɗaya gare ni, Kulu, kuma bahaguwa ce. Uwarta ta yi dukan hannun har ta gaji. Ni na ce ta ci abinci da dama kamar kowane Musulmi, amma yanka ta yi da hannun da Allah ya sa mata ƙarfi. Da aurenta ya zo, mata suna ta rigima kan kwalla da gado, ni na tafi wurin maƙera a Gusau na wuni ina ɗaga wuƙaƙe ina ajiyewa. Ban ɗauki mai ƙyalli ba, irin wadda ke dakushewa a kan albasa ta uku. Na zaɓi baƙin ƙarfe, marar nauyi a gaba, mai ƙotar da ta cika tafin mace. Sannan na kwantar mata da bakin ta gefen da ya dace da mai hagu. Mai dama in ya ɗauke ta sai ta riƙa zame masa, ya ce wuƙar banza ce. A hannun Kulu kuwa kuɓewa sai ta fita siriri kamar takarda.

Kwana talatin da shida ke nan da 'yan bindiga suka kwashe ta, ita da wasu mata, suna roron wake a gona can gaba da 'Yankuzo. Ba a kira mijinta neman kuɗin fansa ba, ba a kira ni ba. Ban san ko tana raye ba, kuma wannan rashin sanin shi ya cinye ni. Ina fitowa bakin aiki ne kawai don in na zauna a gida kukan uwarta zai ƙarasa ni.

Ranar, bayan azahar, babur ya tsaya da mutum biyu. Ɗaya ya zauna a kai a tsallaken hanya, ɗayan ya nufo ni. Ba zai wuce shekara talatin ba, kuma ya sa rigar sanyi a cikin wannan zafin, gefenta ɗaya ya fi ɗaya tudu. Mansur mai faci da ke kusa da ni, wanda bakinsa ba ya rufuwa tun safe, nan take ya duƙufa kan wata taya da ya riga ya gama. Mutumin ya yi sallama da ladabi, ya kira ni Baba, ya zauna a bencina ba tare da na ce ya zauna ba. Ya warware wani tsumma ya miƙo mini wuƙa.

Tun kafin ta iso hannuna na gane ta. Wuƙar Kulu ce. Na sa ta cikin gwangwanin ruwa ina dauraya, ba don tana da datti ba, sai don in sunkuyar da kai kada ya ga fuskata.

Sai da na ɗago ta na duba da idon aiki. An goga ta a kan wani mugun dutse, an ci mata mutunci. Amma a ƙarƙashin wannan ɓarnar, cin da bakin ya yi na hagu ne, kuma sabo ne. Gefen ƙotar inda babban yatsan hagu ke zama yana sheƙi da maiƙo, har da warin albasa a tsagar icen. Wanda ya mutu wata guda ba ya barin irin wannan. Kulu na raye, tana yi musu girki. Na ɓoye murnata, na yi tsaki na ce wane marar imani ne ya yi wa ƙarfe haka. Ya yi dariya.

"Baba, juya mata baki za ka yi," in ji shi. "Wadda ka aiki da ita yanzu, da dama take yanka."

Na ɗora wuƙar a kan dutse mai kaushi. Na tambaya, kamar mai neman hira kawai, ina mai ita ta da.

"Ta gudu. Shekaranjiya, wurin ɗibar ruwa." Ya sosa gemu. "Dajin nan kuwa ba wanda yas san shi awa ni. In munka gamu, ba ta ƙara buƙatar wuƙa."

Na ci gaba da goga wuƙar a kan dutsen. Kwana biyu tana cikin daji da ƙafa, kuma wanda zai bi sawunta ga shi zaune a bencina, gwiwarsa na kusan taɓa tawa. Na yi tunanin ihu, na dubi na kan babur, na dubi matan da ke sayar da gyaɗa a bakin hanya, na bar wannan tunanin. Wuƙa na hannuna, gaskiya ne, amma ni albasa na sani da naman rago. Abu ɗaya ya rage mini: muddin yana zaune a nan, ba ya cikin daji.

Aikin minti ashirin ne. Na shiga jan sa kamar tsohuwa na tsintar shinkafa. Can na ga ya fara duba rana yana kaɗa ƙafa, sai ya sa hannu a aljihu ya zaro taba. Ba sigari ba ce ta takarda. Irin ta Alhaji ce, ganye zalla aka naɗe, kaurin babban yatsa, da zobe mai ruwan zinari. Ban tambayi motar wa aka tare aka same ta ba. Ya kai ta baki zai gutsure kan da haƙori.

"Kai, tsaya!" Maganar ta fito mini da muryar da nake yi wa masu siminti, kafin in tuna da wa nake magana. Ya dube ni. Sai na yi sauri na ce wannan tabar manya ce, ba a yi mata haka, ni na yi wa wani babban mutum hidimarta shekaru.

Ya miƙo mini. Na matsa ta a hankali kusa da kunne, ta ɗan yi ƙara, alamar ta fara bushewa. Na faɗa masa yadda Alhaji ke ajiye tasa a akwatin katako, da ɗan soso mai laima a cikin murfin kwalba, ana duba shi kowace Juma'a, domin zafin ƙasarmu na mayar da ita kara cikin kwana kaɗan. A aljihu kuwa kashe ta ake yi. Na goge wuƙar 'yata, na yanke kan tabar tas da gefen da na riga na gyara. Na nuna masa yadda ake juya ta a saman ashana har bakin ya kama ko'ina, ba a cusa ta cikin wuta. Na ce ba a haɗiye hayaƙin, a baki ake riƙe shi a sake. Ba a kaɗe tokar, ita ke faɗuwa da kanta. Sannan na kawo wadda nake nufi tun farko: ba a shan ta a kan babur, iska na ƙone ta gefe ɗaya ta yi ɗaci. Zama ake yi, ja ɗaya a huta, kuma mai hankali yakan kai awa guda a kanta.

Ya jingina da bedin, ya miƙe ƙafa. Ƙamshin ya tashi, irin na barandar Alhaji bayan la'asar. Ina goga ƙarfe ina lissafin tafiya: yanzu ta wuce fadama, yanzu ta hango gonaki, yanzu wataƙila wani mai keke ya tsaya mata. In ya ja da sauri sai in ce a hankali, za ta yi zafi. Yana bin maganata kamar ɗalibi. Har wani girman kai ya shige ni, na ce a raina ashe tsoho ma yana da ranarsa. Na cinye bakin hagun nan da hannuna, na koma dutse mai laushi, na sake komawa mai kaushi ba dalili, ruwan wuƙar na ta sirancewa.

Aka kira la'asar, ban tashi ba, shi ma bai tashi ba. Tabar ta kai ga zoben. Ba abin da ya rage a wasa. Na gwada kaifin a gashin hannuna, na naɗe ta a tsumman na miƙa masa, ina addu'a lokacin da na sama wa Kulu ya isa.

Ya karɓa ya ajiye a gefensa. Bai miƙe ba. Sai a lokacin na lura cewa tun da ya zauna ba aikina yake kallo ba, kuma ba tabar ba. Hanyar 'Yankuzo yake kallo.

"Ta cika yabonka, Baba," ya ce a hankali. "Kullum tana hwaɗin ubanta ɗai ya iya wasa wagga wuƙa, yana nan ƙarƙashin bedi bakin hanya. Ni kau nic ce mi za ya kai ni wahalar daji? In ta hito, ina za ta in ba nan ba?"

Na juya na dubi hanyar. Mata na tahowa daga ƙauye jefi-jefi, da hijabai da ƙwarya a ka, daga nesa duk kamarsu ɗaya. Kwana talatin da shida ina roƙon Allah ya nuna mini Kulu tafe a kan wannan hanya. Yanzu bakina na motsi ina roƙonsa ya ɓatar da ita, ya kai ta Magami, ya kai ta ko'ina, ya mantar da ita tana da uba.

Mutumin ya sa hannu a aljihu ya zaro taba ta biyu, ya miƙo mini tare da wuƙar.

"Yanke mani, Baba. Kai kac ce ba a gaugawa."