Kwat Mai Layi Huɗu

"Aron kwat nake nema, Yaya, ba gado ba," in ji Auta daga bakin ƙofa, yana dariya. "Tela bai gama tawa ba, gobe kuma tashina na farko a kujerar kyaftin."

Yaya bai ɗago ba. Yana zaune a gefen gado, ya tura sikelin awon nauyi ƙarƙashi da ƙafa kada ƙanensa ya gani. Su biyun matuƙa jirgin sama ne a kamfani ɗaya, Yaya ne ma ya fara riƙe hannun Auta ya nuna masa yadda ake sauka cikin iska. Amma likitan matuƙa ya dakatar da shi: ƙiba, hawan jini, ga numfashi da ke ɗauke masa cikin barci. Likitan ya ce mai irin wannan barcin gyangyaɗi zai yi a sama da ɗaruruwan rayuka a bayansa. Ya ba shi na'urar da ake ɗaurawa a fuska a kwana da ita, Yaya ya ce shi ba majinyaci ba ne, ya baro ta a can.

"Ba za ta yi maka ba," ya ce. "Kafaɗunka kamar na hangar rataye riga."

"Ai kai ma ta daina yi maka, Kyaftin."

Matar Yaya ta shigo ta buɗe sif ba tare da ta tambayi kowa ba. Ta zaro kwat ɗin daga leda, baƙa wuluk, layi huɗu na zinare, alamar kyaftin, suna ƙyalli a hannu. Auta ya zura. Maɓallan suka shiga ba gardama, har na tsakiyan nan da ya taɓa tsinkewa a kan tumbin Yaya.

Ta daidaita masa wuyan rigar, ta ja baya, idonta ya yi laushi.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "Sak ranar da na fara ganin yayanka."

Yaya ya dubi fuskar matarsa. Wannan kallon nasa ne. Ya san shi tun kafin aure, bai ma lura ya daina samunsa ba sai yanzu da ya gan shi a kan wani. Jirgi ya ratsa ta saman gidan, tagogi suka yi rawa, Yaya da Auta suka ɗaga kai tare. Ɗaya kawai zai bi shi gobe.

Ya miƙe da ƙyar, ya cire wani zare daga kafaɗar Auta, da ƙarfin da ya wuce yadda ya kamata.

"Tafi da ita. Kada ka bari tela ya taɓa min ita." Ya juya wajen matarsa. "Kwashe shanyar nan daga kan keken motsa jiki. Gobe zan koma wurin likita in karɓo na'urar, kuma ba zan daina ba sai kwat ɗin nan ta sake rufuwa a jikina."