Ƙulli a Igiyar Shanya

Igiyar shanya ɗaya ce tsakanin ƙofar Maman Biyu da ta Malama, shekara tara suna shanya a kanta ba wanda ya taɓa jin kansu. Sai zaɓe ya zo. Mijin Maman Biyu, direba, ya sa koriyar riga, mijin Malama, mai aski, ya sa ja. Magana ta yi tsami har Maman Biyu, wadda ba ta iya fushi kaɗan ba, ta ƙulle igiyar a tsakiya, ta ce kowa ya tsaya a gefensa. A coci ma suka raba benci. Ran da fasto ya yi wa'azi kan ƙaunar maƙwabci, Maman Biyu ta fi kowa ɗaga murya da amin, ta dawo gida ta ƙara wa ƙullin ƙarfi.

Ranar da aka faɗi sakamako, da la'asar, tana wanki a ƙofar gida ta ji ihu daga bakin titi. Jam'iyyar kore ta ci. Samarin jam'iyyar suna bin layi da sanduna da jarkar fetur, duk gidan da suka ga alamar ja sai su tsaya. Hayaƙi ya riga ya tashi a layin baya.

Ta ɗaga kai. Ga jar rigar mai aski tana lilo a kan igiya, gefen Malama. Mai askin yana shago, Malama na ciki da jaririya, ta kulle ƙofa.

Haushin Malama bai bar Maman Biyu ba, amma tsoro ya fi shi. "Yesu, ka taimake ni," ta ce. Ta tsallake ƙullin, ta fizgo rigar, ta danna ta can ƙasan bahon wankinta. Sannan ta kwaso korayen rigunan mijinta tana shanyawa har bakin tagar Malama.

Suka iso. Na gabansu dogo ne, ta san uwarsa a kasuwa.

"Mama, sannu da aiki. An ce gidan nan na 'yan ja ne."

"Maƙwabciyata ce. Igiyarmu ɗaya, ba ka gani?"

Ya dubi rigunan, ya dubi bahon. Kumfar ta fara yin ja-ja. Maman Biyu ta tsoma hannu biyu ta hau cuɗa kamar ba ta gani ba.

"Matsa, Mama."

"Ba inda za ni. In ƙonawa za ka yi, fara da ni, sai ka je ka gaya wa uwarka."

Jaririyar ta tsala kuka a ciki. Dogon ya tofar da yawu, ya juya. Sauran suka bi shi.

Sai da layin ya yi shiru ta tsamo kayan. Jar rigar ta yi zuba, ta rine farar rigarta ta mawaƙan coci da ke cikin bahon, tun daga wuya har ƙasa.

Direba ya dawo ya gani, ya riƙe baki. "Kar ki sa wannan ran Lahadi, za a ce kin sauya jam'iyya."

Ran Lahadi ta sa abinta. Tana tsaye cikin fararen riguna ashirin, ita kaɗai ja-ja, ana ta ƙus-ƙus. Malama ta dube ta, ta gane launin. Ta taso da jaririya daga can baya, ta zauna a bencin Maman Biyu tana share hawaye.